Su a Ruwan Wani: Masunci, Makami da Haraji daga Dajin Rugu zuwa Tafkin Cadi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata tsohuwar tambaya a tarihin ƙasar Hausa, watau: wane ne ke da ikon karɓar wani abu daga hannun mutumin da ya je neman abinci a ruwan da ba na garinsu ba, kuma mene ne mai bayarwar yake samu a madadin abin da ya bayar? Mun ɗauki masunci a matsayin madubi domin sana'arsa ta tilasta masa bin kifi, shi kuwa kifi bai san kan iyaka ba.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu jefa fatsa don shaƙatawa kawai, har sukan yi tattaki zuwa ruwan wasu ƙasashe. Idan jami'i mai bindiga ya tare irin wannan baƙo ya nemi na goro, abin da zai yi hasara shi ne kuɗi da ranar hutu, sa'an nan yana da ofishin jakadancin da zai kai kuka. Masuncin da muke magana a kansa jarinsa duka yana cikin kwalekwalensa, kuma sau da yawa ba shi da inda zai kai ƙara.

Za mu fara daga ƙasar Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, mu kuma ƙare a can. Wataƙila wani daga cikin mahalarta ya ce, ina ruwan Batsari da su, alhali ba ƙasar manyan ruwaye ba ce? Dalilanmu uku ne. Na farko, wannan yanki bakin iyaka ne tun ƙarni na 19. Na biyu, ruwan da ke sauka a cikinsa yana gangarawa ne zuwa ƙasar wasu. Na uku, halin da masunci Bahaushe ya daɗe yana ciki a Tafkin Cadi ya zo ya sami manomin Batsari da Safana har cikin gonarsa.

2.0 Su da Sarkin Ruwa

Damina a yammacin Katsina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Gulaben yankin, irin su Karaduwa da Bunsuru da Gada, sukan cika su yi toroƙo da damina, da rani kuwa su koma yashi, sai gurabu da tafkuna nan da can. Saboda haka su a irin wannan ƙasa aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona rumbu. Yara su jefa fatsa, manya su shiga da koma da homa, a kama tarwaɗa da ƙarfasa, a tono gaiwa daga cikin busasshen taɓo. Rabinsa neman nama ne, rabinsa wasa da gwada bajinta.

Wannan su na gayya ya fi shahara a Argungu, inda aka mayar da shi biki a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi bayan tsohuwar gaba tsakanin gidajen biyu. Abin lura a nan shi ne, bikin su mafi girma a ƙasar Hausa ya samo asali ne daga sulhu. Ruwa ba ya shiguwa sai masu makami sun yarda.

A al'adar Hausa ruwa yana da mai shi, watau Sarkin Ruwa. Shi ke hana shiga gurbi har kifi ya girma, shi ke sa ranar buɗe shi, shi ke raba gardama tsakanin masunta, kuma shi ake nema idan wani ya nitse ko kada ya addabi jama'a. Baƙon masunci kan fara da gaishe shi, in ya fito kuma ya ba shi kasonsa. Wannan kaso yana da siffofi uku da muke so mahalarta su riƙe, domin su ne ma'auninmu a sauran takardar. An san adadinsa tun kafin a shiga ruwa. Mai karɓarsa yana da aikin da zai yi wa mai bayarwa, kamar yadda Hausawa ke cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sa'an nan in ya zarce gona da iri, akwai dagaci da hakimi da alƙali da za a kai shi gabansu.

Malaman jihadi sun san wannan bambanci sarai. A cikin Kitabul Farƙi, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an lissafa karɓe-karɓen da aka zargi sarakunan Haɓe da su, kamar kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa da tawasa da kamuwa, watau ƙwace dabbobin sufurin talakawa. Abin da aka soka shi ne karɓa ba bisa shari'a ba, da karɓar da ba ta da iyaka sai son ran mai karɓa.

3.0 Dajin Rugu a Matsayin Bakin Iyaka

Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, aka naɗa Ummarun Dallaje, tsohon gidan sarauta ya ƙaura arewa, inda Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna a Tsibiri kusa da su. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, dajin da ke tsakanin Katsina da Zamfara, wanda muke kira Rugu, ya zama hanyar mahara. Garuruwa irin su Ruma da Zakka suka zama garkuwar Katsina ta yamma. Har yau hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Marigayi Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981.

Muna da shaidar wani baƙo da ya ratsa yankin. Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarimu, ya iso Katsina a 1851, Sarki Muhammadu Bello ya riƙe shi kwanaki sai da ya ƙara kyauta kafin ya sake shi ya wuce Kano. A 1853 ya dawo zai tafi Sakkwato, bai iya bin hanya shi kaɗai ba saboda tsoron rundunar Gobirawa, sai ya shiga ayarin Galadiman Sakkwato, suka bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, suka ratsa dajin cikin gaggawa zuwa Bunka da Zurmi. In mai takardun gwamnatin Ingila ya sha wannan, mai karatu ya auna abin da falke ko masunci ko ɗan cin rani zai sha. A wancan zamani matafiyi yana biya sau biyu: ya biya mai gari kuɗin fito domin ya wuce, ya kuma biya madugu da 'yan rakiya domin kada maharan daji su kwashe shi. Amma dai mai karɓar fito yana da ganuwar da matafiyi zai kwana a cikinta.

4.0 Iyakar Turawa da Rabon Ruwa

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. Iyakar da suka shata da Faransawa a 1898 ta bar wa Faransa hanyar da ba ta da ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, don haka aka sake ta a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, aka turo ta kudu. Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ya bi ta yana kafa alamomi tun daga Kwara har Tafkin Cadi. Ashe ke nan batun ruwa ne ya tsayar da iyakar a inda take. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina ta zauna a hannun Ingila, tsohuwar gaba ta sarakuna ta koma iyakar kwastan.

Iyakar ta yanke gulabe biyu-biyu. Gulbin Gada yana tasowa a ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, maƙwabciyar Batsari ta arewa, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya zuba a Rima. Tafkin Madarunfa, wanda masuntan ƙasar Maraɗi suka dogara da shi, ruwansa daga wannan ɓangare yake zuwa. An kammala madatsar Zobe a kan Karaduwa kusa da Dutsin-Ma a 1983, ta Jibiya kuma a farkon shekarun 1990. Waɗannan madatsu sun kawo wa yammacin Katsina ruwan da ba ya ƙafewa da su na duk shekara, amma sun rage ambaliyar da ke isa ga na ƙasa. A ranar 18 ga Yuli 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, Gada na cikin gulaben da aka ambata. Yarjejeniya ce ta gwamnati da gwamnati. Shi masuncin da ya ƙetara da komarsa, wanda zai fara gani shi ne ɗan kwastan da jandarma da ma'aikacin gandun daji.

5.0 Hausawa a Tafkin Cadi

Ƙaramin ruwa ba ya riƙe masunci na gaske. Tun kafin Turawa, Sarkawan Kabi sukan bi Kwara sama da ƙasa, har Jean Rouch ya yi rubutu a kansu a 1950 a matsayin masunta masu yawo. Bayan shigowar ragar nailan a ƙarshen shekarun 1950 da buɗuwar hanyar mota daga Baga zuwa Maiduguri, Hausawa daga ƙasashen Kabi da Sakkwato da Zamfara da Haɗeja da sauransu suka kwarara Tafkin Cadi, wasu masunta na gado, wasu manoma 'yan cin rani da suka koyi su da yin banda a can. A nan ne za mu ga tambayarmu a fili, domin tafkin na ƙasashe huɗu ne: Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, waɗanda suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a Fort Lamy ranar 22 ga Mayu 1964.

A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1972 zuwa 1974 ya raba shi gida biyu, kifi ya taru a ɗan ruwan da ya rage, aka yi kamun da aka ƙiyasta ya haura tan 200,000 a 1974. Farin 1984 ya ƙara janye shi har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da. Ruwa ya gudu daga gaɓar Nijeriya ya nufi gabas, masunta suka bi shi, suna kafa bukkoki a kan kowane tudu da ya ɓullo, ba tare da sun ga wata alamar iyaka ba, domin iyakar a takarda take, a ƙarƙashin ruwa.

Sakamakon wannan bai daɗe ba ya bayyana. A watan Afrilu 1983, zamanin Shehu Shagari da Hissène Habré, sojojin Cadi da na Nijeriya suka gwabza a kan tsibiran tafkin, har Manjo-Janar Muhammadu Buhari, kwamandan runduna ta uku da ke Jos, ya kora su ya bi su cikin ƙasarsu. A ɓangaren Kamaru kuwa, masuntan da suka bi ruwa suka cika Darak da ƙauyukan kewayenta, daga 1987 Nijeriya ta riƙa mulkinsu a ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Ngala. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994. A ranar 10 ga Oktoba 2002 kotun ta yanke cewa takardun Turawa na 1919 da 1931 sun fi ƙarfin zama da mulkin da aka yi a wurin, don haka a watan Disamba 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30. Mutum ya kwana a gidansa, ya wayi gari baƙo.

A tsakanin waɗannan manyan al'amura akwai ƙananan karɓe-karɓe na kullum. Da dabarar dumba ta yaɗu, watau jera gurar Mali a tare hanyar kifi da ita, wurin kafa ta ya zama abin saye. Nazarin da Marie-Thérèse Sarch ta yi a ƙauyukan gaɓar Nijeriya cikin shekarun 1990 ya nuna cewa masu karɓa daga masunci sun haɗa da bulama da lawani da ƙaramar hukuma da jami'an tsaro. Wanda ya ƙetara kuwa sai ya sake biyan na Cadi ko na Kamaru, takardar wannan ba ta aiki a gaban wancan. In ya ƙi, a ƙwace raga ko injin jirgi, su ne kuwa jarinsa, sau da yawa ma bashin dillali ne. Wannan ciwo ba na Tafkin Cadi kaɗai ba ne. Masuntan Kenya suna fama da 'yan sandan Uganda a tsibirin Migingo na Tafkin Biktoriya, na Senegal suna fama da masu gadin tekun Mauritaniya, na kudancin Indiya kuma da sojojin ruwan Sirilanka.

6.0 Lokacin da Mai Karɓa ya Zama Ɗan Tawaye

Rikicin Boko Haram ya ƙara wa masunci ubangida na biyar. A watan Nuwamba 2014 aka kashe masu sayar da kifi 48 kusa da Doron Baga a kan hanyarsu ta zuwa Cadi. Ranar 3 ga Janairu 2015 Baga kanta ta faɗi, tare da sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke can. Gwamnatoci suka ga cewa kuɗin kifi na isa hannun mayaƙa, sai suka hana sana'ar. Nijar ta hana cinikin kifi da tattasai a jihar Diffa, kuma bayan harin tsibirin Karamga na Afrilu 2015 ta kwashe mutanen tsibirai, dubban 'yan Nijeriya suka taka da ƙafa cikin zafin bazara, aka maido su ta Gaidam. A ɓangaren Nijeriya sojoji sun ƙona motocin kifi a 2019, a lokacin da ake zargin wasu daga cikin jami'an da cin moriyar cinikin da suka hana.

Bayan rabuwar ƙungiyar a 2016, ɓangaren ISWAP ya kafa haraji a kan su da kiwo a tsibiran, mai ƙayyadadden adadi, har da shaidar biya. Masunci ya shiga tsaka mai wuya. In ya biya, soja ya ɗauke shi ɗan ƙungiya. In bai biya ba, ko aka zarge shi da leƙen asiri, ransa ne. A ƙarshen Oktoba 2024, bayan an kashe sojojin Cadi wajen 40 a Barkaram, jiragen yaƙin Cadi suka kai farmaki tsibiran, rahotanni suka ce masunta 'yan Nijeriya da dama suna cikin waɗanda suka mutu, gwamnatin Cadi kuwa ta musanta cewa ta auna farar hula.

7.0 Komawa Batsari da Safana

Mun yi alkawarin ƙarewa inda muka fara. Dajin da ya ɓoye maharan Maraɗi a ƙarni na 19 ya sake cika da masu makami a shekarun 2010, da farko ɓarayin shanu, daga baya masu satar mutane. A watan Mayu 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, aka ɗauko gawarwakinsu zuwa birnin Katsina domin hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A watan Afrilu na shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindigar a 2017 da 2019, duka biyu suka warware. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma, a 2025 kuma ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Safana suka ƙulla nasu sulhun da masu dajin.

Abin da ya shafi takardarmu a nan shi ne harajin da 'yan bindiga suka riƙa ɗora wa ƙauyuka kafin a yi shuka, da kuma kafin a yi girbi. Manomin da ya gaji gonarsa kaka da kakanni ya koma neman izinin shigarta daga mai bindiga, tamkar masuncin da ya shiga ruwan Cadi. Gurbin da ake yin su da rani a bakin daji, da wurin yin itace, da mashayar shanu, duk suka zama ƙasar wani ba tare da an matsar da ko dutse ɗaya na iyaka ba. Shi ma in ya biya, akwai mai kiransa ɗan rahoton ɓarayi.

8.0 Kammalawa

Idan muka ɗora dukan masu karɓar nan a kan ma'aunin da muka kawo tun farko, za mu ga Sarkin Ruwa ya cika sharuɗɗan uku. Mai karɓar fito na ƙarni na 19 ya cika na biyu, domin yana da ganuwa. Jami'in da ke tare hanya a bakin tafki yana da doka a bayansa, amma abin da yake karɓa ba shi da adadi, ba ya kuma jawo kariya, kuma baƙo bai san ofishin da zai kai shi ƙara ba. Ɗan tawaye ya gane wannan rauni, ya tsayar da adadi ya ba da shaidar biya, amma hukuncinsa kisa ne, babu ɗaukaka ƙara. Haɗarin da tarihi ke nuna mana shi ne, idan cin hanci ya mai da harajin hukuma abin da ba a san iyakarsa ba, talaka zai fara gwada hukuma da ɗan fashi, ya ga wanne ya fi sauƙi. Ranar da aka kai ga wannan gwaji, an riga an yi babbar hasara.

Don haka muna ba da shawara biyu. Ta farko ga hukumomi: ƙasashen Hukumar Tafkin Cadi su amince da takardar su guda ɗaya mai sanannen kuɗi, wadda za ta yi aiki a ruwan kowa, tare da wurin kai ƙara da masunci zai iya isa, haka kuma Nijeriya da Nijar su yi a kan Gada. Ta biyu gare mu malamai: sarakunan ruwa da tsofaffin 'yan cin ranin da suka zauna a Baga da Darak suna ta ƙarewa, su ne kuwa suka san nawa aka biya, wa aka biya, a wace shekara. Ya kamata sassan tarihi da na Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauki bayanansu tun suna raye. Muna fatan mahalarta za su yi mana gyara inda muka kuskure.